Hutun Damana: Inda Ƴan Kwaleji Za Su Koyi Zane, Ɗinki da Wasa Ba Tare da An Sayar da Akuya Ba

A ƙarshen watan Yuni ake rufe makarantun boko a ƙasar Nijar. Ƴan kwaleji da ƴan lise na Tasawa da Mayahi su naɗe tabarminsu, su ɗaure littattafansu, su kama hanyar gida. Wasu su nufi Maijirgi, Korgom, Urafan ko Hawan Dawaki. Wasu su nufi Kanambakashe, Isawan, Cake ko Gidan Amumun. Ba za su koma aji ba sai watan Oktoba. Wata uku ke nan cur: Yuli, Agusta da Satumba. Wani lokaci ma hutun yakan zarce haka. A shekarar 2024, saboda ambaliyar ruwa, gwamnati ta ɗaga komawa makaranta har zuwa ranar 28 ga Oktoba.

Wannan hutu ya faɗo daidai da damana. Saboda haka uba yana murna da dawowar ɗansa, domin an sami ƙarin hannu a gandu. Uwa ma tana murna, domin ta sami mai taya ta daka da kai abinci gona. Babu mai gardama da wannan. Gidan da bai yi noma ba, ba zai iya sayen littafi a watan Oktoba ba.

Amma aikin gona ba ya cinye wata ukun nan duka. Bayan shibka da noman farko da maimai, hatsi yakan rufe ƙasa, hauya ta huta. Daga nan har zuwa girbi akwai sarari na makonni. To, a cikin wannan sarari ne ake asarar yara. Wani saurayi ya wuni a fada yana shan shayi yana danna waya. Wani ya ce zai je biɗa Maraɗi, ko Katsina, ko Agadas, na mako biyu kawai. Ranar komawa makaranta a kira sunansa a aji, shiru. Yarinya kuwa, idan ta zauna gida babu abin yi, nan da nan zancen aure ya taso.

A cikin waɗannan yara akwai masu baiwa a hannu da baki. Akwai wanda ya cika bayan littafinsa da hoton raƙumi da na mota. Akwai wadda in ta kama allura sai a rantse da keke aka yi ɗinkin. Akwai wanda in ya kwaikwayi maganar mai gari, kowa sai ya riƙe ciki. A yawancin makarantun karkara ba a cika samun malamin zane ko kayan zane ba. Lokacin hutu ne kawai irin waɗannan yara za su iya neman mai koya musu. Tambayar ita ce: a ina, kuma da nawa?

Abin da ke cin kuɗi

A ƙasashe kamar Amurka da Faransa, akwai makarantu na musamman da ake buɗewa lokacin hutu. Iyaye su biya kuɗi, yaro ya je ya koyi zane, kiɗa ko wasan kwaikwayo. A Yamai ma akan sami irin wannan jefi-jefi. Amma manomin Korgom da makiyayin arewacin Mayahi dole su yi nasu lissafi.

Idan aka duba da kyau, koyarwar ita kanta ba ita ce mai tsada ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne mota, masauki, abinci da kayan aiki. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kusan kilomita 120 ne. Daga Tasawa zuwa Yamai ya fi kilomita 700. Yaron da ya tafi can, sai an biya masa mota zuwa da dawowa, sai ya ci sau biyu ko uku a wuni, sai ya sami inda zai kwanta. Ga shi kuma an rasa hannunsa a gona. Duk wannan yana faɗowa ne a watannin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa. Mai gidan da ya sayar da akuya a watan Yuli don ya tura ɗansa birni, wataƙila ita ce akuyar da zai nema a watan Agusta don ya sayi hatsi.

Saboda haka dabara ita ce a fara daga kusa. A duba cikin gida, a duba cikin unguwa, a duba garin kasuwa mafi kusa. Sai an rasa a nan sannan a yi zancen birni.

Malaman da ke bakin ƙofa

Ƙasar Mayahi da ta Tasawa suna da arzikin da wasu wurare ba su da shi, wato Gulbin Kaba. Wannan kwari ya ratsa gundumomin biyu, kuma sunansa ma ya faɗi abin da ke cikinsa. Da kaba ake saƙa tabarma, faifai, igiya da malafa. Kusan kowane ƙauye na kwarin yana da tsohuwar da hannunta ya goge da saƙa. Ita ce malamar farko, kuma ba ta neman kuɗin rajista. Ɗalibar da ta zauna kusa da ita da la'asar, kwana talatin a jere, za ta koyi tsaga kaba, rina ta, da haɗa launi. Abin da ƴar kwaleji za ta ƙara a kai shi ne lissafi. Tana iya zana adon tabarma a takarda tukuna, ta ƙirga layukan ja da na baƙi, ta fito da sabon ado wanda ba a saba gani a kasuwa ba. Sai dai a kula da abu guda. Kaba ƙaramar goruba ce. Idan ana yanke ta ƙurmus kowace shekara, ba za ta tashi ta zama itace ba. Mai yanka ya ɗauki abin da zai yi aiki da shi, ya bar tsakiyar ta ci gaba da tofo.

Ɗinkin hula ya fi kowane aiki dacewa da damana. Ruwa ya tsare mutum a ɗaki, shi kuwa yana ɗinkinsa. Kayan aikin kaɗan ne: ƙyalle, zare da allura. Kafin a ɗinka hula sai an zana ta, kuma ba kowane maɗinki ne ya iya zanen ba. A nan ɗan kwaleji yana da sa'a. Abin auna layi da abin zana da'ira da yake aiki da su a darasin lissafi, su ne dai za su yi masa zanen hula. Wanda ya ƙware da zane, maɗinka da kansu za su riƙa kawo masa ƙyalle yana zana musu suna biyansa. Daga hula sai wuyan riga. Wanda ya daure, wata rana zai kai ga aska biyu, har aska takwas ta babbar riga.

Sai dukanci. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda kyan fatarta. Tun zamanin ayari ake ɗaukar fatun ƙasar Hausa a ƙetara hamada da su, har Turawa suka riƙa kiran su fatun Maroko, domin ta can suke isa gare su. Majemi yana cire gashin fata, ya jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa, ya shafa mata mai, ya rina ta ja da karan dafi. Wannan aiki ne mai tsawo, ba na wata biyu ba. Amma ɗalibi yana iya farawa daga wurin baduku. A shagon baduku kullum akwai guntayen fata da ake zubarwa. Da su mai koyo zai fara: gidan laya, zoben maɓalli, kuben wuƙa, jakar waya. A shekarun 2024 da 2025 Sallar Layya ta faɗo cikin watan Yuni, dab da rufe makarantu. A irin wannan shekara fata tana yawa a gari. Gidan da ya yanka rago ko bunsuru, maimakon ya bar fatar ta lalace, yana iya kai ta majema, ɗansa ya sami abin aiki.

Zanen ƙwarya ma haka yake. Sabuwar ƙwarya sai bayan kaka, amma sakaina tana nan a bayan kowane ɗaki, kyauta. Mai koyo ya tara sakaina, ya sami ƴar wuƙa mai kaifi da ƙarfen da ake sawa a wuta. Idan ya ɓata sakaina goma, babu wanda ya yi asara. Sai hannunsa ya tsaya sannan a ba shi ƙwarya mai lafiya.

Akwai aikin da bai dace da wannan hutu ba. Ginin tukwane yana son rana da busasshen makamashi. Da damana tukunya ba ta bushewa da kyau, gashi kuma yana wuya. Wanda yake sha'awar irin aikin maginan Jiratawa, kusa da Maraɗi, ko na Mirya, kusa da Damagaram, gara ya jira ƙaramin hutun lokacin sanyi. Haka ma adon bango. Ba a yi wa gida zane ana tsakiyar ruwa.

Mai son zanen hoto shi ne iyaye suka fi jin tsoron kuɗin kayansa. Gaskiya ne fenti da takardar kanti suna da tsada. Amma mai koyo bai kai can ba tukuna. Sauran fararen shafukan littafin bara takarda ce. Buhun siminti, in an kakkaɓe shi, takarda ce mai ƙarfi. Gawayi alƙalami ne. Almajiran makarantar allo sun daɗe da sanin haɗa tawada da ƙaro, kuma masu yin zayyanar allo ta saukar karatu sun san launuka. Jar ƙasa, farar ƙasa, shuni, lalle da ruwan zoɓo, kowanne launi ne in an haɗa shi da ɗan ƙaro don ya kama. A cikin garin Tasawa, a bakin kwalta, da cikin garin Mayahi, akwai masu rubuta allunan shaguna da yi wa motoci ado. Ɗalibin da ya iya rubutun boko mai kyau, ya iya Faransanci da Hausa, balle in ya haɗa da ajami, irinsa suke so ya taya su aiki.

Yadda ake damƙa yaro

A al'ada, ba a biyan mai sana'a kuɗin koyarwa kamar na makaranta. Uba ne yake zuwa da kansa da goro, ya yi gaisuwa, ya ce ga ɗansa ya kawo amana. Yaro ya biya da hidima: shara, ɗauko kaya, riƙe fata, murza zare. Wannan al'ada tana da kyau, ita ce ta sa koyo ya zama mai araha. Amma tana da inda take karkacewa. Mai sana'a ya saba da yaron da zai zauna wurinsa shekara biyar. Saboda haka ba ya gaggawa. Wata shida na farko yaro aike kawai yake zuwa. Ɗan kwaleji kuwa makonni shida ko takwas gare shi. Idan ba a yi magana ba tun farko, hutu zai ƙare bai taɓa allura ba.

Don haka a faɗi komai a fili ranar da aka kai goro, in da hali a gaban mai unguwa ko wani dattijo. A faɗi ranakun zuwa, a cire ranakun da gona take bukatarsa. A faɗi lokaci, misali daga azahar zuwa la'asar sakaliya. A faɗi wa zai kawo kayan aiki. A faɗi abin da ake so yaro ya iya kafin Oktoba, ko da abu ɗaya ne: hula guda, ko faifai biyu, ko allon shago guda. A kuma faɗi wa ke da abin da yaron ya yi, in an sayar. Mai sana'ar da ya ga uba yana leƙowa ranar kasuwa yana tambaya, ba zai mai da yaron ɗan aike ba. Da kaka kuma, in an kai masa damen hatsi ko tiyar wake na godiya, baɗi ma ƙofarsa a buɗe take.

Wasan kwaikwayo da waƙa

Dattawan yau sun tuna zamanin samariya. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya a kowane gari. Kowace unguwa da sarkin samarinta. Suna gayya, suna share gari, da dare kuma suna koyon waƙa, rawa da wasan kwaikwayo. A shekarar 1976 aka yi babban bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya jihohi. Kafin a kai can, sai an yi gasa tun daga ƙauye har zuwa jiha. Yaro na iya fitowa daga ƙaramin gari a ji muryarsa a rediyon ƙasa. Wannan tsari ya watse a farkon shekarun 1990, amma mutanensa ba su ƙare ba. A garuruwa da yawa har yanzu akwai dattijo ko dattijiya da suka taɓa hawa dandamali. Sun san yadda ake tsara wasa, yadda ake ɗaga murya ba tare da lasifika ba, yadda ake shiga da fita. Ba a cika tambayarsu ba ne kawai.

Wasan kwaikwayo shi ne mafi arahar duka. Fili, fitila, tabarma biyu a rataye su zama bango, tsofaffin riguna na aro, shi ke nan. Ɗalibai goma na gari ɗaya suna iya haɗuwa bayan sallar isha'i sau uku a mako. Labari kuwa yana nan a ƙasar. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa na Bule da Shanuwan, waɗanda suka ƙone garuruwa tun daga yamma, sun iso ƙasar Tasawa. A kusa da Maijirgi ne sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su, kuma kaburburansu suna can. Ɗalibai suna karanta wannan a darasin tarihi da Faransanci. Kakanninsu kuwa sun ji shi daga bakin nasu kakannin. Ɗalibin da ya zauna gaban tsoho da littafi da bik, ya rubuta abin da ya ji, ya riga ya sami rabin wasa. Rigimar manomi da makiyayi a kan burtali, bashin da ake ci da damana a biya da kaka, saurayin da ya tafi biɗa ya dawo hannu wofi, duk labarai ne da mutanen gari za su taru su kalla.

A manyan garuruwa akwai gidan matasa da al'adu, wanda ƴan boko ke kira MJC. Na Maraɗi yana ɗauke da sunan Bawa Ɗan Wardanga. Tasawa ma tana da nata. Gidan na jama'a ne. Ƙungiyar ɗalibai tana iya zuwa wurin shugaban gidan ta nemi a ba ta wurin gwaji, ta kuma tambayi ko akwai wani horo da aka shirya lokacin hutu. Gidajen rediyo na yankin ma kullum suna neman shiri da Hausa. Yau wayar hannu ɗaya ta isa a ɗauki wasa na minti goma sha biyar a kai musu.

"Ɗana ba maroƙi ba ne"

Wannan magana ana jin ta a gidaje da yawa. Wasu iyaye suna ganin kiɗa na maroƙa ne, ƙira ta maƙera ce, dukanci na dukawa ne, kowa da gadon gidansu. Wasu kuma suna tsoron kada wasa ya ɗauke hankalin yaro daga karatu. Tsoron na biyu yana da hujja, musamman ga wanda zai shiga ajin jarrabawa. Irin wannan ɗalibi ya ware sa'a guda kowace safiya ko dare don littafinsa, kome aikin da yake koyo.

Amma a dubi waɗanda suka wuce gaba. Yazi Dogo, wanda wasanninsa na Hausa suka sa ƙasar nan dariya a rediyo da talabijin, malamin makaranta ne. Malam Mamman Barka, mai gurumi, shi ma malamin makaranta ne. A shekarar 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya durƙusa gaban wani tsoho Buduma, ya koyi kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da ya kusa ɓacewa. Ya zagaya duniya da shi kafin rasuwarsa a 2018. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, makanike ne da farko. Da fitila da ƴan zane-zanensa ya fara nuna wa mutanen garinsu hotuna a bango. A 1962 ya yi fim mai suna Aure, a 1966 ya yi fim ɗin zane wanda kwaɗi ne ƴan wasansa. Ya zauna Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fara da kayan tsada.

Wanda ya ga dole sai birni

Akwai yaron da ya riga ya wuce abin da ƙauye zai koya masa. Shi ne ya cancanci a yi masa kuɗin mota. A Maraɗi akwai cibiyar masu sana'ar hannu, inda dukawa, maƙeran azurfa da masaƙa suke aiki wuri ɗaya. Damagaram ta yi suna da jima da dukanci, kuma tsofaffin gidajen unguwar Birni makaranta ce ga mai son adon bango. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, da rumfunan masu sana'a a cikinsa. Akwai kuma cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka kafa a 1989.

Kafin a je nesa, a tsaya ofishin magajin gari. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a, waɗanda ake kira CFM, a ƙananan hukumomi. Akwai kuma asusun gwamnati mai suna FAFPA da ke biyan kuɗin horon matasa a wurin masu sana'a. Yawancin wannan horo an yi shi ne don waɗanda suka bar makaranta ko ba su shiga ba, kuma yana da nasa lokaci. Duk da haka tambaya ba ta cin ko dala. Malaman cibiyar sun san masu sana'ar kirki na yankin, suna iya nuna ƙofar da za a buga.

Duk yaron da zai tafi birni, a san gidan da zai sauka, a san mai gidan, a yi magana da shi baki da baki ko ta waya. A ba shi gidan sauro, domin Agusta da Satumba watannin zazzaɓi ne. A yi hattara kuma da sanarwar da ke yawo a WhatsApp, mai cewa a turo kuɗin rajista za a ba yaro horo da kayan aiki da takardar shaida. Horon gaskiya yana da wuri, yana da shugaba mai suna, kuma hukuma ta san da shi. Kada a tura ko tamma sai an tambayi magajin gari ko shugaban makaranta.

Ƴan mata da ɗiyan makiyaya

Ɗaliba ta fi ɗalibi ƙarancin lokaci. Namiji in ya sauko daga gona ya huta. Ita kuwa ga rijiya, ga turmi, ga tukunya, ga goyon ƙane. Idan uwa ba ta yanke mata sa'a biyu a wuni ta ce wannan nata ne ba, ba za ta koyi kome ba. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ƴan mata da riƙe su a makaranta. Amma a cikin gida ake yanke shawara. Yarinyar da ta iya zanen lalle, ɗinkin zanen gado ko saƙar kwarashi, tana iya sayen sabulunta da littafinta. Hakan yana rage wa uba nauyin da yakan sa shi sauraron masu neman aure.

Mata suna da hanyar kuɗi a hannunsu. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a shekarar 1991, kafin dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Uwar da ke zubi a asusu tana iya karɓar ɗan rance ta sayi zare da ƙyalle, a biya bayan an sayar da aikin. Ya ma fi sauƙi in uwaye biyar suka haɗa kai, suka sayi zare a dunƙule, suka ɗauki mace ɗaya gwana ta koya wa ƴaƴansu a tsakar gida ɗaya. Farashi ya sauka, kuma babu yarinyar da ta fita unguwa.

Ɗan makiyayi kuwa da an rufe makaranta yake bin dabbobi arewa, don a nisanta su da gonaki. Ba zai sami zuwa shago ko gidan matasa ba. To, nasa malaman suna cikin ruga. Matan Fulani sun san adon ƙwarya da ɗinkin ado. Matan maƙeran Buzaye sun san yanka fata da rina ta, mazansu sun san sassaƙa da ƙirar azurfa. Sarewa ta kara ce. Littafi ɗaya da fensir biyu suna shiga aljihu. Yaron da ya wuni yana kallon shanu ya fi ɗan birni sanin yadda ƙaho yake lanƙwasa da yadda saniya take kwanciya. A sa shi ya zana su, ya rubuta sunan kowane launi da kowane tambari da harshen gidansu.

Lokacin da za a fara shiri

Wanda ya jira Yuli ya makara, domin a lokacin hankalin kowa yana gona. A watan Mayu ake wannan magana, kafin a rufe makaranta. Kowace kwaleji tana da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye. A taronsu na ƙarshen shekara, shugaban makaranta yana iya tambayar ɗalibai abin da kowa yake so ya koya. A rubuta sunaye gari gari. A rubuta masu sana'ar kowane gari da suka yarda su karɓi yara. Malamin da zai yi hutunsa a garin, a roƙe shi ya riƙa leƙa su sau ɗaya a mako. In akwai aji mai rufin kwano da ba ya yoyo, a nemi a bar mabuɗinsa hannun kwamiti, ya zama wurin zane da gwajin wasa ranar da ake ruwa.

A mako na farko na komawa makaranta, kowane ɗalibi ya zo da abin da ya yi. A shimfiɗa tabarmi a tsakar makaranta, a jera huluna, faya-fayai, ƙore da hotuna, kowanne da sunan mai shi da sunan wanda ya koya masa. A gayyaci mai gari, iyaye da masu sana'ar. Da yamma ƴan wasa su yi wasansu. Abin da aka saya, rabin kuɗin na ɗalibi ne, ya sayi littafi. Rabin kuma kwamiti ya ajiye, a rubuta a takarda, domin sayen zare, fata da fenti na hutun baɗi.